Kunnen Injiniya da Faifan Auta

Shekara talatin da bakwai Injiniya ya yi yana korar ƙara daga cikin rediyo. Bai taɓa leƙa makarantar injiniyoyi ba, mutanen layin ne suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai ga dalilin mayar musu da kayansu ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne: tebur duk tabon dalma, gwangwani cike da sukurori, da matattun rediyoyi har rufi waɗanda masu su suka manta da su. Aikinsa da kunne yake yi. Ya kunna na'ura, ya karkata kai, ya ce, "Wayar hagu ce ta saki." A buɗe, a tarar haka ne. Da kunnen nan ya ciyar da gida, ya sa 'ya'ya biyar a makaranta.

Bana kunnen ya fara ba shi tsoro. Sau biyu matarsa ta ce ta yi ta kira bai amsa ba. Ya ce hankalinsa ne ya tafi wani wuri, amma abin ya tsaya masa a rai, bai gaya wa kowa ba.

Ana cikin haka Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta kawo masa faifai. Ita da abokanta ke kiɗa da jita mai lantarki, shekara biyu suna fama da wannan faifai, sai ranar ya fito. A bangonsa an zana wani mutum yana iyo a cikin taurari.

"Wane irin kiɗa ne?" ya tambaye ta.

"Rok ne, Baba, amma na sararin samaniya. In ka rufe ido sai ka ji ka bar duniya."

"Ni da nake neman in daɗe a cikinta?"

Ta yi dariya, ta ce da yamma za ta dawo ta ji ra'ayinsa.

Yana kunnawa ya ji gurnani, irin na na'urar da wayar ƙasanta ta tsinke. Sai fito ya biyo. Sai jitar ta tashi daga sifikar hagu, ta koma ta dama, ta ɓace gaba ɗaya. Mawaƙin kuwa kamar daga cikin tankin ruwa yake magana, kalma ɗaya sai ta dawo sau huɗu. Injiniya ya kashe, ya ɗauki sukundireba, ya farke amfilifayarsa, na'urar ƙara sauti, bai ga komai ba. Ya ɗauko ta biyu, haka. Ya jawo ta uku, wadda da hannunsa ya gyara ta jiya, ita ma haka. Na'ura uku ba sa kamuwa da ciwo ɗaya a yini ɗaya, kuma wane mahaukaci ne zai ɗauki shekara biyu yana haɗa gurnani? Saura abu ɗaya ke nan, wanda ke manne a kansa.

Ya kira tela, maƙwabcin shagonsa, ya kunna masa.

"Yaya ka ji? Lafiyarsa ƙalau?"

"Haba Injiniya, ni za ka tambaya? Kai da muke kawo wa namu?"

Bai iya ƙara tambaya ba, don kada asirinsa ya tonu.

Da yamma Auta ta tarar da amfilifaya uku a farke, mahaifinta zaune a tsakiyarsu ya yi tagumi. Da ta gane abin da ya faru, dariya har da riƙe ciki.

"Baba, haka muka yi shi! Da gangan ne."

"Gurnanin?"

"Sati uku muka yi kafin ya fito yadda muke so."

"Fiton fa? Da sautin da ke gudu daga hagu zuwa dama?"

"Duk mu ne."

Ya shiga lissafa mata cututtukan faifan ɗaya bayan ɗaya, tana gyaɗa kai, shi kuma yana ta washe baki. Bai gane dalilin da zai sa mutum mai hankali ya yi haka ba, har yau bai gane ba, amma ko a jikinsa. Ya ji komai.

"To na waƙar ƙarshe fa?" in ji Auta. "Siririn kukan nan na tsohuwar talabijin ɗinmu, wanda ni da kai kaɗai muke ji kafin hoto ya fito. Saboda kai na saka shi. Minti huɗu yana tafiya a saman kiɗan."

Injiniya ya ce ta sake kunna masa. Ta kunna, ta lumshe ido, can ta ɗaga yatsa sama tana murmushi.

"Ga shi nan."

Ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Ganga yana ji, jita yana ji. Ya daɗe yana kallon yatsan nata.

"Auta," ya ce, "sauke hannunki. Ba na jin komai a wurin."