Notin da Ke Ƙarƙashin Batirin Baba

Dutse zuwa Kiyawa

Ana idar da sallar asuba na kinkimi sabon batir na nufi tasha. Dalilin tafiyar Inna ce, mahaifiyata. Yanar ido ta rufe mata gani, an kuma ce likitocin ido da suka zo Dutse za su rufe karɓar mutane da la'asar ɗin ranar. Ita kuwa ta kafe, ta ce in ba a motar marigayi Baba ba, ba inda za ta. Motar nan tsohuwar akori-kura ce, tun rasuwarsa take ƙarƙashin darbejiya a ƙauyenmu kusa da Miga, batirinta ya mutu murus.

Direba ya dubi kayana ya ce ba zai sa shi a but ba, kada ya kife ruwansa ya cinye buhunan mutane. Haka na rungume shi a cinya har Kiyawa, wata tsohuwa a gefena tana ta tambayata ko jaririn ya sha nono.

Kiyawa zuwa Miga

A Kiyawa na karya da koko da ƙosai a tsaye, na shiga motar Jahun. A wani shinge jami'i ya nemi rasit ɗin batirin, ya duba, ya ce Allah ya ba Inna lafiya. Daga Jahun na sami ta Miga, daga nan kuma ɗan acaɓa ya ɗaure batirin da roba a kan tanki muka bi hanyar gona. Gero ya fitar da kai ko'ina, ni dai hankalina yana kan rana, don hantsi ya riga ya dubi ludayi.

A gida

Ƙanena Sabi'u ya yi ƙoƙari, ya ba tayoyi iska, ya zuba mai. Muka buɗe bonet, na ce masa aikin minti kaɗan ne. Ashe bakina ne ya yi sauri.

Kawunan batirin duk sun yi farin gari. Na fara kwance baƙar waya, sannan ja, suka fito da ƙyar. Matsalar tana ga ƙarfen da ya danne batirin. Saboda ɓarayi, Baba ya sa maƙeri ya yi masa wani ƙarfe mai kauri, da doguwar ƙusa da ta ratsa har ƙasa. Na sa sifana ina juyawa, ƙusa tana juyawa tare da ni, ba ta fita, ba ta tsayawa. Na gane akwai wani noti a ƙarƙashi da sai an riƙe shi. Na zura hannu, ya maƙale a wuyan hannu. Sabi'u ya gwada, nasa ya fi nawa kauri, ya fito da ƙujewa. Muka kwanta ƙarƙashin mota, wani faranti ya tare wurin.

Gumi ya jiƙe ni, raina ya ɓaci, har na fara ƙorafi a kan Baba da dabarunsa, Allah ya jiƙansa. Na ce wa Sabi'u ya aro zarton ƙarfe mu yanke abin mu huta.

Ashe Inna tana zaure tana jinmu. Ta lalubo bango ta fito.

"Ba mai yanka ƙarfen Malam," ta ce. "Ku kai ni wurin."

Na ce Inna ba kya gani. Ta ce ai da ma wurin ba a ganinsa. Ta sa aka dafa ruwa da kanwa aka zuba a kan farin garin, ya yi kumfa ya wanke, aka ɗiga kalanzir a jikin ƙusar. Sannan ta tuɓe awarwaronta da zobenta ta miƙa min, ta ce Malam bai taɓa barinta ta matso batir da ƙarfe a hannu ba. Ta karɓi ƙaramar sifana, ta zura siririn hannunta ta bayan fitila, ta wata kafa da ni ban ma lura da ita ba. Ta ɗan lalube, na ji ƙarfe ya kama ƙarfe.

"Juya," ta ce. "Tun kuna goye ni nake riƙe masa."

Na juya. Ƙusa ta yi ƙara ta saki. Wallahi sai da na kau da kai, don hawaye ya zo min, ban taɓa sanin tare suke wannan aikin ba. Muka ɗora sabon batir, ta sake riƙewa na ɗaure, na mayar da jar waya, sannan baƙa. Sabi'u ya murɗa makulli, mota ta yi tari sau biyu ta tashi.

Komawa Dutse

Muka yi azahar a Jahun ba tare da mun kashe mota ba, Sabi'u ya fara yi, sannan ni. Inna tana gaba, hannunta a kan inda Baba yake ajiye carbinsa, tana ta salati. Mun isa asibiti ana shirin tashi, ita ce ta kusa da ƙarshe da aka karɓa. Washegari aka yi aikin ido ɗaya, muka sauka a gidana, matata tana ta hidima da ita.

Gida

Bayan an cire bandeji likita ya sallame mu, muka mayar da ita ƙauye. Mata sun cika gida da barka, amma Inna ba ta shiga ba. Ta ce in buɗe bonet. Ta sunkuya ta daɗe tana kallon ƙarfen nan, ta shafa shi, ta ce ashe har fenti Malam ya yi masa, kore. Sai ta dube ni da sabon idonta.

"A karkace ka ɗaure shi. Ɗauko sifana, in riƙe maka."

Na ɗauko. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ya kuma bar mana hannun nan.