Littafin da na tsinta cikin takardun ƙunshin kifi

A damunar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kebbi, wata ranar kasuwar Bagudo, ina zaune gefen murhu ina yayyaga wa Gwaggo Asabe takardun da take ƙunsa soyayyen kifi, sai hannuna ya faɗa kan wani littafi marar bango. Sauran duk tsofaffin jaridun Faransanci ne da fatake ke shigowa da su daga ƙasar Binin, ba na gane ko kalma ɗaya. Wannan kuwa da Hausa yake. Ina aji biyar, karatuna sai da bin layi da yatsa, amma na tura shi ƙarƙashin tabarma na zauna a kai.

Gwaggo Asabe yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, lokacin da auren iyayena ya mutu, Innata ta koma garinsu a ƙetaren iyaka. Baba masunci ne, yakan bi ruwa ya yi watanni, gidan daga ni sai Gwaggo sai awaki. Da safe in ɗebo ruwa, in share tsakar gida, in wanke kifi, in tafi makaranta hannuna na ƙarni, 'yan ajinmu suna jan sabon hijabinsu suna matsawa ƙarshen benci. A da akwai dandali, ko ba a sa ni cikin gaɗa ba nakan tsaya gefe in yi tafi. Shekarar nan aka daina kiɗa, kowa ya shige gida da magariba. Ba a ambaton Innata a gidanmu. Abin da na riƙe kawai shi ne maganar da wata maƙwabciya ta yaɓa mini a bakin rijiya: "Da tana son ki, da ba ta tahi ta bar ki ba." Na yarda da ita, na girma ina fushi da matar da ko fuskarta na fara mantawa.

A fadama na karanta littafin, ina bisa rumfar korar tsuntsaye a gonar shinkafarmu, in karanta layi biyu in ja igiyar gwangwanaye. Labarin wata mata ne da aka saka, aka karɓe ɗanta bayan yaye. Duk ranar kasuwa sai ta tako daga ƙauyensu ta tsaya bayan rumfar mai gishiri, don kawai ta hango shi yana wucewa. Yaron bai sani ba. Na maimaita wurin nan har takardar ta yi laushi. Ban taɓa tunanin wanda ya tafi ma yana iya kewa ba, a zatona wanda aka bari ne kaɗai ke kuka.

Wata rana takarda ta ƙare wa Gwaggo ana tsakiyar ciniki, ta ɗaga tabarma ta yage bayan littafin. Na dawo daga makaranta na tarar ƙarshen labarin ya bi masu sayen kifi. Kukan da na yi ya ba ta tsoro. "Mi ad cikinai haka?" ta tambaye ni. Na ba ta labarin ina shessheƙa. Ta daɗe tana juya kifi a kasko ba ta dube ni ba, sannan ta ce, "Taki uwar ma ta zo, ɗiyata. Ba sau ɗaya ba. Ubanki ya rantse ba ta shiga gidanga, sai ta tsaya bakin makarantarku ta koma."

Bayan an yanke shinkafa, Gwaggo ta ɗauke ni muka tafi kasuwar Dole Kaina da ke bakin kogi a kan iyaka, inda Innata ke kawo albasa a kwalekwale. Muka same ta da goyo, tana ciniki da Dendanci. Da ta gan ni sai mudun ya tsaya a hannunta. Ni ce 'yar fari, ba ta iya kiran sunana, abin da ta ce kawai shi ne, "Kin yi tsawo." Ta kama wuyan hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ta wuni tana awo da hannu ɗaya, ba ta sake ni ba sai da masu jirgi suka fara kira.

Daga nan duk bayan girbi Gwaggo takan kai ni, Baba ya sani ya kawar da kai. Ina sakandare Allah ya yi wa Innata rasuwa. Yau ina koyarwa a Birnin Kebbi, 'ya'yana idan na yi nisan kwana ɗaya sai su kira ni a waya su ga fuskata, kuma babu wanda zai hana. Nakan dube su in tuna kogin da ke tsakanina da ita, wanda ashe bai kai faɗin da nake zato ba. Shekarun da na yi ina fushi da ita sun fi waɗanda na yi ina ganinta yawa.