Gindin Tukunyar Allura

A shekarun casa'in na yi aiki a wani ƙaramin gidan likita na ƙauye, tsakanin Madarumfa da Gabi. Ni ba likita ba ne, ko da yake mutanen gari sun laƙa mini sunan, ni kuma ban taɓa musawa ba. Aikina dafa allurai. A lokacin ba a yar da sirinji. A wanke, a dafa, a sake yi wa wani.

Tukunyar dafawar ta alminiyon ce mai kauri, ana ɗaure murfinta tamau don tururi ya taru a ciki. Kokot muke ce mata, kuma ita kaɗai gare mu. Ƙa'ida ita ce in an sauke ta daga resho a bar ta ta huce da kanta. To amma ranar rigakafi mata sun cika rumfa, jarirai na tsala ihu, majo, wato babban malamin jinyarmu, yana leƙowa yana zabga mini harara. Sai na ƙago dabara: in sauke ta in tsoma gindinta cikin daron ruwan randa. Nan take ta huce. Na ɗauki kaina wani shahararren gwani, har na koya wa unguwarzomarmu, wata dattijuwa da kowa ke kira Inna, wadda ke riƙe mini aikin in ba na nan.

Bayan wata biyu na lura tukunyar ta daina zama daram a kan tebur, tana rangaji. Gindinta ya ɗan turo waje. Na cusa tsinken ashana ɗaya tsakanin gefen gindin da tebur, ya shige. Kafin kaka sai da na haɗa uku.

Ranar kasuwa na naɗe ta a buhu na kai wa wani tsohon maƙerin tukwane a Madarumfa. Ya shafa gindin, ya ƙwanƙwasa, ya dube ni.

"Da zahinta kaka tsoma ta ruwa?"

Na ce, "Wani lokaci, Baba."

"Kullum dai," in ji shi. "Wani ƙarhe in ya sha wuta karon hwarko sai ya ɗan miƙe, ya samu wurin zama, shi ke nan ko shekara ashirin. Wagga ba ta zamna ba. Ciki tururi na tura ta, waje sanyi na jan ta, kowane dahi sai ta ƙara taki guda, kuma ba ta komawa. Ta gaji. Ka aje ta."

Ban ajiye ba. In na gaya wa majo, dole in faɗi wanda ya lalata ta, ni kuwa ina tsoron kora kamar mutuwa. Na dai daina tsomawa, na riƙa tsayawa nesa da ita ina salati. Inna kuma kullum sai in ce a raina zan gaya mata gobe. Kunya ce ta hana ni, ba komai ba: yaya zan ce wa dattijuwa dabarar da na yi ta taƙama da ita wauta ce?

Wata Litinin aka aike ni Maraɗi ɗauko magani. Inna ta dafa allurai, ta tsoma tukunyar yadda na koya mata. Gindin ya tsage, tururi ya wanke mata hannu biyu har gwiwa. Ta warke, amma yatsunta na dama suka ƙanƙance. Matar da ta karɓi haihuwar rabin garin ba ta sake karɓar ko ɗaya ba.

Na je gaishe ta da niyyar in faɗi gaskiya. Tana zaune a kan tabarma, hannuwa a naɗe. Kafin in buɗe baki ta riga ni.

"Alhamdu lillahi da ba kai ba ne, ɗana," ta ce. "Kai da ke da ƙananan ɗiya."

Na ce mata Allah ya ƙara sauƙi. Har ta rasu ban faɗa mata ba.