Madarar da Na Ɗura wa Yayana

Shekarar da muka yi aiki a wani kamfanin fiya wata a Tungan Maje, ni da yayana ne ke wanke babban tankin ƙasa. Shi yake shiga, ni ina daga baki ina miƙa masa bokiti, don ya ce ƙafafuna kamar na zalɓe suke, tsani ma ba zai yarda da su ba.

Ran wata Laraba oga ya ce gansakuka ta yi yawa, a haɗa hodar kulorin da asid ɗin wanke tayil. Yaya ya haɗa su a can ƙasa. Ban ankara ba sai na ji tarinsa, wani wari ya taso ya rufe mini ido. Da kyar ni da sauran ma'aikata muka jawo shi, hawaye da majina shaɓe-shaɓe, amma yana tsaye da ƙafarsa.

Duk leburan da na sani a Abuja, daga mai walda har mai fenti, maganinsu ɗaya ne in an shaƙi guba, madarar gwangwani. Na ruga shago na sayo biyu, na huda na ɗura masa. Wata mata da ke ɗaure ledojin ruwa ta ce, "Ɗan'uwa, kai shi asibiti, wannan tari ba kyau." Na hayayyaƙo mata, na ce yaushe ta zama likita? Lokacin ga baki, ga jahilci.

Muka kwantar da shi a inuwa. Azahar a zaune ya yi ta. Kafin la'asar ƙirjinsa na ƙara kamar tukunya a kan wuta, kumfa na fita ta bakinsa.

Da muka kai shi wani asibiti a Gwagwalada, likitar ta tambaye ni tun yaushe ya shaƙi gubar. Na faɗa mata. Ta ce, "Malam, madara ciki take tafiya, gubar kuwa a huhu take. Zaman nan da kuka yi da shi ne ya yi ɓarnar."

Ya rayu, huhun ne bai dawo ba. Yanzu yana ƙauyenmu, ba noma, daga ɗaki zuwa masallaci sai ya huta sau biyu. Ina jin haushin oga, amma bai kai wanda nake ji na kaina ba. Duk sanda na je gida, in an zo gaishe shi sai ya nuna ni yana haki ya ce, "Ba don ƙanen nan nawa ya yi saurin ba ni madara ba, da tuni an binne ni." Sai in sunkuyar da kai. Har yau ban gaya masa abin da likitar ta ce ba.