Ranar da Aka Kai Baba Cin Fiza

Har yau in na biyo ta gaban shagon fizar nan na bakin titin Ƙanƙara, sai na tsallaka ɗaya gefen. Masu shagon ba su yi mini komai ba, na sani, amma wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Mai laifin ɗan baffana ne, kuma ban yafe masa ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne can bayan Faskari, ta wajen Sabuwa. Da 'yan bindiga suka hana mu noma suka hana mu barci, muka kwaso komatsanmu muka kama haya a bayan garin Ƙanƙara. Maƙwabtanmu na ƙauye su ma nan suka raɓo kusa da mu. Ni mijina ya rasu tun kafin tashin, don haka ina gidan mahaifina, ni nake tuƙa masa tuwo.

Baba ya baro gona, ya baro rumbu da shanun huɗa, amma abu ɗaya ya taho da shi, wato ciyayya. Da an idar da sallar Magariba za a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, kowane magidanci ya fito da kwanonsa, a haɗa a ci tare. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ran nan, hannunsa kawai zai kawo, babu mai kallonsa. Baba ne ke buɗe murfin farko, ya ɗaga murya ya ce, "Bismillah, jama'a!" har mai wucewa a kan keke sai ya ji. Ni daga wankin kwano nake sanin lafiyar unguwa. Kwanon Baba yakan dawo a suɗe tas, da ɗigon miyar gidajen da ba namu ba a bakinsa.

A wannan kwanon ɗan baffan nawa ya girma. Ubansa ƙanen Baba ne, ya rasu ya bar shi yana rarrafe, Baba ya ɗauko shi ya riƙe har ya yi boko ya tafi Abuja. Can ya buɗe wata ƙungiya wai ta taimakon 'yan gudun hijira, wadda mu dai ba mu taɓa ganin aikinta ba sai a waya. Rannan sai ga shi da hantsi a mota, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gaida Baba kamar mutumin kirki, ya ce ya zo ya kai shi a duba masa ido, tunda yana ta kukan hazo-hazo. Na yafa mayafi na bi su don in riƙe wa Baba sanda.

An duba idon, ba zan yi masa ƙarya ba. A hanyar dawowa ne ya taka birki a gaban shagon.

"Baba, mu ɗan shiga ka ɗanɗana abincin zamani."

Baba ya ce, "A'a, yaro. Dattijo ba ya ci bakin hanya. Mu tahi gida, an aza mani tuwo."

"Haba Baba, ɗanka ya kawo ka wuri ka ƙi shiga? So kake a ce ka raina ni?"

Ya san inda zai taɓa. Baba mutum ne mai kunyar ɗan riƙo fiye da ɗan cikinsa. Ya sauko.

Wurin duk gilashi ne ta gaba, wanda ke titi yana ganin loma tun daga hannu har baki. Sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa, kiɗa na tashi, ga ƙwallo a talabijin ɗin bango ba mai kallo. Kujerun dogaye ne, sai da na tallafi Baba ya hau, ƙafafunsa na lilo, babbar rigarsa ta tattare. Raina ya fara ɓaci tun daga nan. Mutumin da ake durƙusa wa a gaisar, ga shi an ɗora shi a kan kujera kamar yaron da za a yi wa aski.

Aka kawo abin a cikin kwali. Faifan burodi ne aka shafe da jajjagen tumatir, aka barbaɗa nama da albasa, aka malale da wani cuku mai yauƙi, aka yayyanka. Baba ya duba hagu da dama yana neman buta. Da ya ga babu, sai ya goge hannu da takardar da aka ajiye masa. Daga nan ya juya wajen samari da 'yan matan da ke sauran teburan, ya ɗaga murya yadda ya saba.

"Bismillah, jama'a! Ku matso."

Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, saura suka kama. Ɗan baffa ya duƙo yana raɗa, "Baba, nan ba a haka. Kowa nashi yake ci." Ni kuwa na zuba wa yarinyar ido har sai da dariyar ta maƙale mata. Da ba don Baba na wurin ba, da ta ji abin da uwarta ba ta gaya mata ba.

Baba ya janye hannunsa. Ya ce, "To a ƙunshe mani shi. In an yi Magariba mu ɗanɗana da su Malam wurin ciyayya."

"Za a ƙunshe, Baba. Amma ɗauki yanka ɗaya ka sa mani albarka."

Baba ya ɗauka. Cukun ya biyo hannunsa yana ta miƙewa ya ƙi tsinkewa, abin ya ba shi mamaki har ya buɗe baki yana dariya. A daidai nan ɗan baffa ya manna kafaɗarsa da ta Baba, ya ɗaga waya ya ɗauke su hoto. Baba ya mayar da yankan cikin kwali. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ko gishirin abin nan bai taɓa harshensa ba. Ni ma ban ci ba, ina zan iya tauna a gaban mahaifina a bainar jama'a? Shi gogan ne ya naɗe hannun riga ya tashi da fiye da rabi. Da muka miƙe Baba ya tuna masa ƙunshin, sai ya ce wai fiza in ta huce ba ta ciwuwa, zai aiko da wani abu mafi kyau. Ina waiwaye na ga ma'aikacin shagon ya kwashe kwalin ya tura a kwandon shara.

Ba a kwana biyu ba hoton ya zagaye wayoyin samarin unguwa. Wata maƙwabciya ce ta kawo mini, tana nuna mini tana kallon fuskata. Ga Baba nan baki buɗe, fiza a hannu, kamar wanda ya shekara bai ga abinci ba. A ƙasa an rubuta wai ƙungiya ta kai tallafin abinci ga mutanen ƙauyenmu da suka yi gudun hijira, dattijonsu ya karɓa a madadinsu cikin farin ciki.

Da Magariba na laɓe a bayan ƙofa. Malam, aminin Baba tun suna kiwon awaki, shi ya fara magana.

"Alhaji, ashe an kawo mamu tallahi?"

"Wane tallahi?"

"Wanda ka amsa. Yara sun gwada mamu. Ai da ka hwaɗa mamu ko albarka mu sa." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Ko da yake mai cin abincin Turawa mi zai yi da tuwon dawarmu?"

Na jira Baba ya ce ƙarya ne. Bai ce ba. In ya ce, ya kira ɗan ƙanensa maƙaryaci a gaban mutane ke nan, maraya kuma wanda ya riƙe. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah shi ne masani." Mutanen da suka baro hatsinsu a daji, waɗanda 'ya'yansu ke kwana da kunu, wannan amsa ba ta ishe su ba. Ban ga laifinsu sosai ba, ko da yake na ji haushinsu.

Na kira ɗan baffa a waya. Ban gaishe shi ba.

"Kai, wane tallahi ka kawo? Ina shi ke? Ka zo ka hwaɗa ma mutane gaskiya, ko ka goge abin nan."

"Yaya, kin cika zafi. Hoto ne fa kawai. Haka ake aikin, sai an nuna ake samu. In an samu ai ku za a kawo wa."

Na ce masa tsiyar da ya shuka Allah ya nuna masa girbinta, na kashe wayata. Ko ƙwayar gero bai aiko ba, kuma bai goge ba.

Ba rana ɗaya ciyayyar ta watse ba. Wannan ya ce ƙafa ke damunsa, wancan ya ce ya ci a ciki. Baba bai fasa fita ba, bai fasa ɗaga murya ba, ina jin bismillarsa tana fita titi ba mai amsawa. Kwanon ya fara dawowa da rami ɗaya a gefe guda, miyata kaɗai a bakinsa. Da ya gaji, wata rana ya ce mini, "Ɗiyata, ki rage tuƙin nan, ana ɓarna." Na koma madafa na yi kuka, na baƙin ciki da na fushi a haɗe.

Da ƙaramar Sallah sai ga motar ta dawo. Ɗan baffa ya tarar da Baba shi kaɗai a kan tabarma, na kawo kwano ke nan. Ya zube ya yi gaisuwa, Baba ya amsa masa da lafiya lau, har ya tambaye shi hanya. Gogan ya jawo buta ya wanke hannu, ya gyara zama a gaban kwanon da ya girma a kansa, yana jira.

Baba ya buɗe murfi. Na ga leɓensa ya motsa da bismilla, shi da Ubangijinsa. Ya jawo kwanon gabansa, ya gutsuri tuwo ya fara ci, yana kallon titi.

Ɗan baffa ya zauna da jiƙaƙƙen hannu a sama har ruwan ya bushe. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa, ban kawo masa ko ruwan sha ba.