Likkafanina Ya Riga Ni Tafiya

Ban taɓa jin ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata ba. Wuta da adda na sani. A rikicin Jos aka kashe maigidana, aka zuba shi da sauran gawarwaki a rami ɗaya da kayan jikinsu, ba wanka, ba sutura. Shi ya sa da Allah ya kai ni Makka, farin yadi na fara saye. Na jiƙa shi da zamzam, na shanya, na ninke. Da 'yata ta ɗauko ni zuwa Dagenham, a London, in riƙe mata yara, shi na shimfiɗa a ƙasan akwati.

Flat ɗin da ke kallon namu wata Baturkiya ce a ciki, tela, tana rage tsawon wanduna a wani shago. Turancina kaɗan ne, ita kuma ba ta jin Hausa, amma mun saba. Mama take ce min. In tana waya da uwarta ta bidiyo, sai ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ta miƙo min. Tsohuwa ce mai giɓi, tana zaune a baranda a can saman bene, barkono a rataye bayanta. Mu yi sallama, mu yi dariya, shi ke nan hirar.

Wata safiya cikin hunturu na fito zan kai yara makaranta, na iske ta zaune a kan matakala ba takalmi. Tana danna waya, tana karawa a kunne, tana sake dannawa. Ta nuna min hoto. Gidaje sun kwanta kan juna kamar an taka kwali, dusar ƙanƙara tana sauka a kansu. 'Yata ce ta fassara min: girgizar ƙasa aka yi a garinsu, benen da uwarta take ciki ya rufta, ba wanda ya ji ɗuriyarta.

Na shigar da ita ɗakinmu. Ba ta ci komai ba. Duk lokacin da aka ciro mai rai a talabijin sai ta miƙe tsaye, ta leƙa fuskar, ta koma ta zauna. Ni ba fuska nake kallo ba. Gefen titi nake kallo, inda aka jera waɗanda ba sa motsi, wasu cikin bargo, wasu cikin labule, ƙafa a waje. Na san wannan layin.

Da ta samu jirgin tafiya garinsu, maƙwabta suka yi ta kawo mata rigunan sanyi da safa. Ni na jawo akwatina daga ƙarƙashin gado.

'Yata ta tsaya a bakin ƙofa da kayan aikinta na asibiti. “Mama, me kike yi?”

“Abin da kike gani.”

“Haba Mama, ba a haka. Har yanzu ana rescue, ana ciro masu rai. Za ki ba mutum likkafani alhali tana sa ran uwarta na da rai?”

“In ta je ta tarar babu, a ina za ta saya? Kin ga shago a tsaye?”

“To ke fa? Shekara nawa kina hana mu ko taɓa shi?”

Gaskiya hannuna ya yi nauyi. Wannan yadin ne kaɗai abin da na tanadar wa kaina a duniya.

'Yata ta ce to a cusa shi cikin bargo, in matar ta isa ta gani. Na ƙi. Abin da aka ɓoye wa mutum zai iya bayar da shi bai sani ba. Na ce ta biyo ni ta yi mana tafinta.

Muka same ta durƙushe tana danna jaka. Na ajiye yadin a gabanta. Tela ce, tana shafa shi ta gane. Ta janye hannu kamar ta taɓa tukunya mai zafi, ta yi magana da ƙarfi.

“Ta ce uwarta tana da rai,” in ji 'yata, tana hararata.

“Gaya mata Allah ya sa. In ta same ta da rai, ta dawo min da kayana ko datti kada ya taɓa, ina da buƙata. Ba kyauta na ba ta ba.”

“Mama, ba zan faɗi wannan ba.”

“Faɗi.”

Ta faɗa. Matar ta dube ni, dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye. Ta ɗauki yadin, ta sa a ƙasan jaka, ta ɗora rigunan a kai.

Sai da sanyi ya fara sauƙi ta dawo. Ta rame, farcenta duk sun karye. Ko jaka ba ta kai ɗakinta ba ta shigo namu, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. 'Yata tana fassara a hankali.

An ciro tsohuwar, rai ya riga ya fita. A jikinta akwai yarinyar maƙwabta da ta rungume. Ruwa babu, taimama aka yi musu. Telar da kanta ta ari almakashi ta yanka yadin, ya ishi tsohuwar, ya ishi yarinyar. Uwar yarinyar ta kama hannunta tana sumbatarsa, telar ta ce mata yadin ba nata ba ne, na wata tsohuwa ce 'yar Afirka a London.

Na ce, “An juya fuskarsu alƙibla?”

An juya.

“An yi musu salla?”

An yi.

“To. Allah ya jiƙansu. Ke kin gama naki.”

'Yata ba ta kai ga fassara wannan ba, ta tashi ta shige kicin tana jan hanci. Matar ta ɗora kai a cinyata, barci ya ɗauke ta nan take, da takalmi a ƙafa. Ƙafata ta mutu, lokacin la'asar ya shiga. Na bar ta, ban motsa ba.