Tubalan da Muke Rufewa da Kara

Tsakanin ƙauyenmu da gonar da mahaifinmu ya bar mana akwai ƙorama. Da rani yashi ne zalla, jaki ma ba ya lura ya ƙetare ta. Da damina kuwa takan cika ta kawo wa namiji ƙirji, wani lokaci ta yi kwanaki ba ta sauka ba. Ƙauyen yana ɓangaren Goronyo, gonar tana hayin da ke duban Wurno. Yayana ne ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinmu, yana shuka gero da wake, ni kuwa fatauci ya yi ta yawo da ni, daga Maraɗi zuwa Kumasi, daga baya har Sudan. Duk dawowar da na yi, maganar da nake tararwa ita ce ta gada. Yaya bai taɓa neman komai wurin hukuma ba sai ita, don ya san ranar da ƙafafunsa suka kasa ruwan nan, gonar ta fita hannunsa.

Muna samari, Wurno da Rabah da Goronyo mazaɓa ɗaya ce, mutum ɗaya muke turawa majalisa. Wakilin farko da na sani tsohon malamin makaranta ne, ɗan gidan malamai, mai magana a hankali. Ya zo da rani, aka yi masa shimfiɗa a bakin ƙorama, magina suka yi ɗan dakalin siminti, ya ɗora hannu a kai, liman ya yi addu'a. Dakalin nan shi muke kira tubali. Ina jin har zuciyarsa yana nufin aikin. Ba a daɗe ba soja suka karɓi mulki, ya koma gida yana karantar da yara.

Da farar hula suka dawo, wani ɗan kasuwa ya fito neman kujerar, ya aiko cewa zai zo ya aza tubalin gada. Dattawa suka taru a zauren mai gari. Damuwarsu ɗaya ce: baƙo zai zo da alheri, yaya za a bar shi ya ga wani ya riga shi, kuma abin bai yiwu ba? Kamar an ce masa shi ma ƙarya yake yi. Sai aka sa matasa suka kwaso karan dawa suka jingina a kan tsohon tubalin, ya zama kamar tarin karan da kowa ke ajiyewa don danni. Baƙo ya zo, ya aza nasa can gaba kaɗan, ya ce shi ne mutum na farko da ya tuna da mu. Muka yi masa kabbara.

Daga nan abin ya zama al'ada. Wanda ya biyo baya tsohon ma'aikacin gwamnati ne daga wajen Rabah, mai farin tabarau. Aka rufe masa na mutum biyu. Bayansa aka yi wani mai fara'a da ya san sunan kowane dattijo, sai wani da ba mu ƙara ganin fuskarsa ba in ba a jikin bango ba. Ana cikin haka aka sake yanka mazaɓu, aka raba mu da Wurno da Rabah, aka haɗa mu da wasu. Iyakar ta bi ta kan ƙoramarmu. Gidan Yaya ya zama na wakili ɗaya, gonarsa ta zama ta wani. Duk da haka ba a fasa zuwa aza tubali ba, mu ma ba mu fasa tara kara ba. Dukansu da rani suke zuwa, lokacin neman ƙuri'a, don haka babu wanda ya taɓa ganin ruwan da idonsa.

A Sudan na zauna a wani ƙauye inda ɗan takara ya zo, mutane suka kama hannunsa suka kai shi bakin rijiyar da wanda ya gabace shi ya fara haƙawa ya bari, suka ce ya leƙa. Sai da ya leƙa suka ba shi shayi. A wajen Maraɗi kuma na ga inda aka gaji da jira, aka jera duwatsu a rafi da aikin gayya. Tamu ƙoramar ba ta barin dutse, yashinta yana haɗiye shi. Amma leƙa rijiyar nan ya zauna mini a rai.

Lokacin da na dawo gida gaba ɗaya, na tarar gwiwoyin Yaya sun kumbura, 'ya'yansa maza duk suna birni, ɗaya yana acaɓa, ɗaya yana gadi. A daminar da ta gabata ruwa ya kayar da shi, sai da wasu Fulani makiyaya suka jawo shi. Da aka ce sabon ɗan takara zai zo aza tubali, na tashi a zauren mai gari na ce a wannan karon kada a rufe komai.

Mai gari ya ce, “Alhaji, mi kake nuhi? Mu kunyata baƙo?”

Na ce, “Ranka shi daɗe, shi gani da idonai. In ya ga jerinsu, wataƙila shi ji nauyi shi ɗora bisa ɗaya.”

Wani abokin wasanmu, wanda ba ya raga mini, ya ce, “Kun ji mai yawon duniya! Ya sha shayin Larabawa ya manta kunya. Halan can ba a yi wa baƙo shimhiɗa, sai a nuna mai rami?”

Aka yi dariya, amma matasa suka goyi bayana, har liman ya ce nuna gaskiya ba cin fuska ba ne. Mai gari ya juya wurin Yaya, tunda shi abin ya fi shafa. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, “Yadda kunka gani.” Aka tashi a kan ba za a rufe ba.

Ranar zuwan, da hantsi, na sauka bakin ƙorama don in ga an yi shara. Daga nesa na hango tarin kara a jere. Yaya ne, shi kaɗai, yana jan dami da ƙyar, yana ɗingishi, ya rufe duka sai na ƙarshe.

Na ce, “Yaya, mi kake yi haka? Ba mun gama magana ba?”

Bai dube ni ba. Ya ce, “Mutumen ga ɗan wani na. Zai taho da jama'atai, da masu ɗaukar hoto. In tsaya in ga an kunyata shi bakin gonar Baba? Ba ni iyawa.”

“To gonar fa?”

“Kama mani damin ga, bayana na ciwo.”

Na tsaya ina kallonsa. Ya girme ni, a hannunsa na tashi, ban taɓa barinsa da kaya a ka ina tsaye ba. Na karɓi damin, na jingina inda ya nuna.

Ɗan takarar ya iso bayan azahar, yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaida dattawa. Ya aza tubalinsa a ƙarshen jerin karan, ya ce abin mamaki ne a ce duk shekarun nan babu wanda ya taɓa tunanin yi mana gada. Ina tsaye kusa da mutanensa biyu, suna magana da Turanci a tsakaninsu, ba su zaci wani tsoho zai ji ba. Ɗaya ya tambaya ina gadar za ta sauka. Ɗayan ya nuna hayi ya ce can ba mazaɓarsu ba ce, babu ƙuri'arsu ko ɗaya, ba mai sa hannu a aikin da rabinsa na wani ne.

Da jama'a suka watse na gaya wa Yaya abin da na ji. Ya ce, “Na sani tun randa anka raba mu. Kai kaɗai ne ba ka nan.”

Na ce to don me ya wahalar da kansa da kara. Ya ce ko ba gada, ai mutum ya zo garinku.

Da damina ta faɗi, ya sa aka ɗaure masa iri a ka, ya sauka da sanda. Na bi shi. Ruwan bai wuce cinya ba a ranar, amma ya sa ƙafa ya ji yashi yana zamewa, ya tsaya, ya dawo da baya. Bai sake gwadawa ba. Ya aika wa wani manomi na hayin cewa ya shuka gonar, kada ta zama saura. Bana mutumin ya sare tsamiyar da mahaifinmu yake hutawa a ƙarƙashinta, wai tana yi wa gero inuwa.

An kwashe karan tuni an yi danni da shi, tubalan sun fito fili, mata suna wanki a kansu. Na malamin makarantar ya fi sauran ƙwari, bai tsage ba har yau, a kansa Yaya yake zama da la'asar yana kallon hayi. Jiya na same shi a can. Ya ce ya ji an fara maganar zaɓe mai zuwa, in gaya wa yara in sun girbe dawa kada su ƙone karan.